Amsa ga mai tambaya kan meriya (ofishin magajin gari) da dokokin intanet

Ƙanena, ka ce ko ana jin ta bakin majalisun komin, wato ƙananan hukumomi, kafin a kafa dokar intanet a Yamai. Na yi zaman konseye, wato ɗan majalisa, a wata komin ta karkara a jihar Maraɗi, daga zaɓen Disamba 2020 har ranar da aka rushe majalisun a Afrilu 2024 aka naɗa masu riƙo. A duk zamana ban ga takarda ko ɗaya da ta zo neman ra'ayinmu kan wannan batu ba. Dokar laifukan intanet ta 2019 a rediyo talakawanmu suka ji ta, kuma da Faransanci aka rubuta ta.

Amma kuka ƙofarmu yake zuwa. Wata tsohuwa ta taɓa tarar da ni bakin meriya ranar kasuwa, hannunta na rawa. An kira ta a salula, wai ɗanta da ke ci-rani a Agadas yana kwance asibiti, ta aika kuɗi maza. Ta sayar da akuya ta aika, alhali yaron lafiyarsa lau. Ta ce, "Alhaji, ku ne hukuma kusa da mu." Me ke hannuna? Na raka ta wurin jandarma, na biya mata kuɗin mota, shi ke nan. Har yau abin yana cina. Irin wannan da yawa, sai kuma saƙon murya na WhatsApp da ke ta da gari: a ce an ga 'yan bindiga sun ƙetaro ta Madarunfa da ke kusa da iyakar Najeriya, mutane su kwana a tsaye, da safe a tarar saƙon na bara ne. A yankin da ake satar mutane da gaske, ba ka iya ce wa mutum kada ya firgita.

Da an tambaye mu, abin da za mu fara faɗi shi ne rezon salula da wuta. Akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun kira, cajin salula kuma sai an kai wa mai sola. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agusta 2023, har cikin birnin Maraɗi an ji jiki. Shirin ƙauyuka na zamani da hukumar ANSI mai kula da fasahar zamani ke jagoranta tunani ne mai kyau, ban musa ba, sai dai magajin gari da maigari su suka san wace rijiya jama'a ke taruwa da wane ɗaki ruwa ke shiga. Sannan a mayar da dokar cikin Hausa, a karanta ta a rediyon gari da masallatan Juma'a.

Kai da ke riƙe da gurup na WhatsApp, ka kula. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, amma a Yuni 2024 aka maido shi, shekara ɗaya zuwa uku. Yawancin masu tura saƙo a nan ba su ma san da hakan ba. Idan kana da koke yanzu, ka rubuta shi ka kai wa mai riƙon kominku, ka kuma ajiye kwafe mai hatimi a hannunka.