Jiri da rawar jiki bayan fara maganin suga: ki auna tukuna

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki, Allah Ya ƙara afuwa. Kin ce makonni uku ke nan da aka gano miki ciwon suga, ranar da aka auna ya haura 350, aka ɗora ki a kan metformin da glibenclamide, amma tun da kika fara sha sai jiri da gumi da rawar jiki, musamman da hantsi, ga hazo a ido, har kina tunanin ajiye maganin. Kada ki ajiye. Kada kuma ki yi shiru kina daurewa, domin a cikin abubuwan da ke kawo wannan akwai wanda ba a wasa da shi.

Matsalar ita ce jiki ba ya faɗa miki lamba. Abu uku daban-daban na iya sa ki ji yadda kike ji, kuma maganin ɗaya yana iya zama illa ga ɗayan. Saboda haka abin farko shi ne na'urar awon suga a gida, ki auna a daidai lokacin da abin ya taso, ba bayan ya lafa ba. Ki wanke hannu da sabulu ki bushe shi, don idan kin taɓa dabino ko mangwaro, zaƙin da ya rage a yatsa zai ba ki lamba ta ƙarya. Ki huda gefen yatsa, ya fi tsakiyarsa sauƙin zafi. Tsinken awon da ake ɗiga wa jini kuma ki bar shi cikin robarsa a rufe, nesa da rana, ki duba bai wuce wa'adi ba. Ki lura da ma'aunin na'urarki: wata tana nuna 126, wata 7.0, duk abu ɗaya ne, ana raba ta farko da 18 a samu ta biyu. Lambobin da nake ba ki a nan na ma'aunin farko ne. 'Yan uwa na Nijar kuma a takardar asibiti za su ga 1,26 g/L, shi ne dai.

Na farko, idan kin ga ƙasa da 70, wato 3.9, sugan ya faɗi da gaske. Nan take ki sha giram 15 na zaƙi mai saurin shiga jini: ƙaramin cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai suga. Ki zauna minti 15, ki sake aunawa. Bai kai 70 ba, ki maimaita. Ya hau, ki ci abinci mai riƙe ciki, ko da burodi ne ko ɗan ɗumame, in ba haka ba zai sake zamewa. Kada ki nemi cakulan ko gyaɗa ko madara a wannan lokacin, maiƙo yana jinkirta hawan sugan. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsoro: mutum ya shanye kwalbar maltina ya ɗora biskit, bayan awa biyu na'ura ta nuna 280, gobe kuma a ce magani ba ya aiki.

Yadda kika ce da hantsi abin ke kama ki, zargina yana kan glibenclamide. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga. Shi kuwa glibenclamide, da 'yan uwansa glimepiride da gliclazide, matsa wa jiki suke ya samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, kin ci abinci ko ba ki ci ba. Ga yadda ake faɗawa ramin: an ce miki kina da suga, kin firgita, kin yanke tuwo da shinkafa da koko a rana ɗaya, kin haɗiye ƙwaya da safe da ruwan shayi ba sukari, kin kama shara da wanki. Ƙarfe goma sha ɗaya ba za ta yi ba sai gwiwa ta saki. Wannan maganin ana shan sa ne tare da kari na ƙwarai, kuma ba a tsallake abinci bayansa. Yana daɗewa a jiki, shi ya sa faɗuwar da ya jawo takan dawo bayan awanni, musamman ga tsofaffi da masu matsalar ƙoda. Idan kin samu ƙasa da 70 fiye da sau ɗaya, ko ƙasa da 54 ko sau ɗaya ne, ki koma wurin likita kafin ranar da aka ba ki, a rage ko a sauya.

Na biyu shi ne wanda ba a cika yi wa sabbin masu ciwon bayani ba. Ki auna ki ga 110 ko 130, amma hannu na karkarwa, zuciya na bugawa, yunwa kamar za ta kashe ki. Ba ƙarya jikinki yake ba. Mai yiwuwa ya yi watanni, ko shekaru, yana zaune a kan 300 ba ki sani ba, har ƙwaƙwalwa ta ɗauka nan ne daidai. Da magani ya sauko da shi, sai ta buga ƙararrawa kamar an shiga haɗari. A nan ba a shan lemo. Ki zauna, ki sha ruwa, in ya matsa ki ɗan ci wani abu kaɗan kamar dafaffen ƙwai ko 'yar gyaɗa, ki sake aunawa bayan minti 15 don ki tabbata ba sauka yake ci gaba da yi ba. Yawanci cikin 'yan makonni jiki yana sabawa. Wanda yake kora zaƙi duk lokacin da ya ji haka, shi ne ke hana jikinsa sabawa.

Na uku, sugan yana sama har yanzu: ƙishirwa, yawan fitsari da dare, kasala, bushewar baki. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayan ci, amma ba a kwana ɗaya ake kaiwa can ba.

Hazon ido kuwa, suga mai yawa yana sa ruwa ya shiga madubin cikin ido ya sauya masa siffa, idan ya sauko sai ya sake sauyawa. Kada ki kashe kuɗin gilashi yanzu, ki bari sugan ya daidaita na wata ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba gilashin da aka yanka miki yau ba zai yi miki ba nan gaba. Amma a duba can cikin idon a asibitin ido, wannan kowane sabon mai ciwon suga na manya ya kamata a yi masa. Tashin zuciya, kumburin ciki da gudawa kuma aikin metformin ne. Ki riƙa shan sa a tsakiyar cin abinci. Galibi yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu, in bai lafa ba akwai samfurin da ke narkewa a hankali, ki tambayi likita.

Nan da 'yan kwanaki kowa zai zama likitanki: wannan ta ce shuwaka, waccan ta ce garin hulba, wani ya kawo jarkar jiƙo. Zogale da shuwaka a miya abinci ne, ba laifi. Jiƙon da ba ki san me ke ciki ba a kan glibenclamide, shi ne nake ce miki a'a, don in sugan ya faɗi ba wanda zai san daga ina ne. Haka batun alkama da acca: su ma suna hawar da suga, malmala uku ta tuwon alkama ba ta fi malmala ɗaya ta masara alheri ba. Ki rage tuwon, ki yawaita miyar ganye da wake da kifi, ki ci a kan lokaci. Duk asibiti ko kemis da kika je ki faɗa kina da suga, domin kwinin na zazzaɓin cizon sauro yana kayar da shi, dexamethasone da prednisolone suna ɗaga shi, atenolol da propranolol na hawan jini kuma suna iya ɓoye bugun zuciya da karkarwar da ke yi miki gargaɗi. Azumin nafila ki dakata da shi har a daidaita maganin.

Ki sanar da maigida da yaran da suka yi wayo: in suka ga kina magana ba kan gado, ko kin yi shiru kina gumi, su ba ki ruwan sukari muddin kina iya haɗiya. In kin suma, kada a ɗura miki komai a baki, zai iya wucewa huhu. A kwantar da ke ta gefe, a wuce asibiti, a tafi da kwalin maganin. Haka idan sugan ya wuce 300 ga amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi ko barcin da ba ya sakin ki, wannan ba na jira zuwa safiya ba ne.

Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta lokaci, lamba, abin da kika ci, da abin da kika ji: da asuba kafin kari, awa biyu bayan babban abinci, da duk sanda jiri ya zo. Da shi likita zai gane ko ƙwayar safe ce ta yi yawa ko karin ne ya yi kaɗan. Bayan wata uku ki nemi gwajin HbA1c, shi ke nuna matsakaicin sugan watanni biyu zuwa uku, yawanci ana so ya sauko ƙasa da kashi 7. Ki ƙulle sukari a leda ki jefa a jaka, ko unguwa za ki, ko gidan biki.