Tambaya da Amsa: Fim Ɗina Ya Ƙi Gajarcewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, an ba mu aikin gajeren fim da ba zai wuce minti 10 ba. Labarin wata yarinya ce mai tallar awara da kuɗin cinikinta suka ɓata. Mun gama ɗauka, na jera shi a kwamfuta, sai ga shi ya kai minti 23, kuma duk inda na kai hannu zan yanke sai in kasa. Ga kwamfutar sai maƙalewa take yi, ga ƙarar janareta a wasu wuraren. Ta ina zan fara?
Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kwantar da hankalinki, jerin farko dama da tsawo yake fitowa.

Batun kwamfuta mai sauƙi ne. A manhajojin tace fim, ko DaVinci Resolve kike amfani da shi, wanda akwai na kyauta, ko Premiere Pro, duka biyun suna iya yi miki ƙananan kwafin hotunan da editoci ke kira firoksi. Da su za ki yi aiki don ba sa yi wa kwamfuta nauyi, sai wajen fitar da fim manhajar ta koma kan na asali. Amma kafin komai ki kwafe abin da kuka ɗauka a wuri biyu daban. Yau ɗin nan, ba gobe ba.

To, sai yankan. Ban ga fim ɗinki ba, amma na tabbata minti uku ko huɗu na cikinsa gaisuwa ce. Ba ma shiga gida babu sallama, don haka ɗalibai ke ɗaukar ta gaba ɗaya: a yi sallama, a cire takalmi, a durƙusa, ina wuni, ina gajiya, ya kasuwa. Mai kallo Bahaushe ya san an gaisa ko bai gani ba. Ki shiga fitowar daga inda uwar ta ce "Ina kuɗin?" Sai fa idan gaisuwar ce ke ɗauke da maganar, misali yarinyar ta durƙusa ta gaida uwar, ita kuwa ta ƙi amsawa. Wannan kada ki taɓa ta, ki ma bar shirun ya ɗan yi tsawo. Haka tafiye-tafiye: ba sai mun raka yarinyar tun daga tasha har ƙofar gida ba. Ki sa muryar uwar ta fara shigowa tun hoto yana kan titi, daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin a ga tsakar gida, yankan ba zai ji wa ido ciwo ba.

Wanda zai fi yi miki ciwo shi ne fitowar da kuka fi shan wahala a kanta, wadda kuka yini a rana kuna roƙon 'yan kasuwa su daina kallon kyamara. Mai kallo bai san da wannan wahalar ba. Ki cire ta ki kalli fim ɗin. In labarin bai yi giɓi ba, ta tafi ke nan. Daga nan ki nuna wa wanda bai san labarin ba, ba 'yan ajinku ba, ki zauna bayansa ki yi shiru. Duk inda ya ɗauki wayarsa ki rubuta mintin.

Janareta kuwa, ba zan ɓoye miki ba, manhaja rage shi take yi, ba ta kashe shi. In kika matsa mata sai muryar ta koma kamar daga cikin randa ake magana. Inda ƙarar ta yi yawa ki kira 'yan wasan su maimaita maganarsu a ɗaki mai labule da katifa, suna kallon bakinsu a hoton, sannan ki shimfiɗa hayaniyar kasuwa ƙasa-ƙasa don ta haɗe.

Gyaran launi da kiɗa su ne na ƙarshe, sai kin daina yanka. Idan kin fitar da shi ki saurara a lasifikar waya kafin ki kai wa malaminku, don abin da ke fita sarai a abin kunne sau da yawa a can yake nutsewa.