Re: Agent ɗina yana kiran tul ɗin da bai dace ba

Malam, tambayarka idan na fahimta ita ce yaya za ka gane bayanin da ka rubuta wa tul ɗinka (wato ɗan kod da AI ke iya kira ya yi masa wani aiki) ya yi kyau, tunda agent ɗin, wato AI ɗin da ke zaɓar tul da kansa don yin aiki, sai ya bar wanda ya kamata ya je ya kira wani.

Ka fara tuna cewa model, wato ƙwaƙwalwar AI da agent ɗin ke aiki da ita, ba ya ganin kod ɗinka ko kaɗan, suna da bayani da schema na JSON (tsarin abubuwan da ake cikawa in za a kira tul ɗin) kawai yake gani, haka ma a MCP, ƙa'idar haɗa model da tul wadda kamfanin Anthropic ya fitar a 2024. To gwaji mafi sauƙi, ka miƙa bayanin ga abokin aiki da bai taɓa ganin kod ɗin ba, ka ce ya faɗa maka yaushe za a yi amfani da shi, yaushe kuma ba za a yi ba. In ya yi inda-inda, wallahi model ma zai yi.

Bayan haka ka tara tambayoyi na gaske irin na kwastomominka, ka gudanar, sannan ka zauna ka karanta log ɗin (rikodin abin da agent ya yi) da kanka, wane tul ya kira, me ya cika a ciki. Ka canza abu ɗaya a bayanin, ka sake gwadawa.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne tul biyu masu kama da juna, kamar search_orders da get_orders, babu wanda ya ce ga bambancinsu. Sai kuma rubuta id kawai maimakon customer_id, ko a manta faɗin yadda ake rubuta kwanan wata.

Amma fa in tul ɗin yana tura kuɗi ko goge bayanai, ko ka ɗauko shi daga sabar wani, ka nemi masanin tsaron kwamfuta ya duba, domin ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kansa.