Amsa ga mai son koyon Japananci: dalilinka ne zai nuna irin wanda za ka koya

An rubuto wannan ne daga saƙon murya da aka turo zauren, saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da daddare, ka yi haƙuri, sai yanzu na samu sarari. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi ya gama bautar ƙasa, kuma yana son koyon harshen Japan, saboda tun yana sakandare yake kallon katun ɗinsu, sannan ya ji ana cewa suna neman ma'aikata. A gida kuma ana ta ce masa me zai yi da shi, gara Faransanci ko Sinanci. Tambayarsa, shin dalilin nan nasa ya isa, kuma ta ina zai fara?

To ƙanena, dalilai biyu ka kawo, kuma ba Japananci iri ɗaya suke nema ba. Nan ne mutane suke ɓata shekara guda a banza. Amma bari in fara ba mutanen gida gaskiyarsu. Harshen nan kusan ƙasa ɗaya ce take magana da shi, mutum miliyan 120 da 'yan kai. Faransanci kuwa daga Jibiya ka tsallaka Maraɗi ka fara cin moriyarsa. Sannan akwai lissafin lokaci. Cibiyar da ke koya wa jami'an jakadancin Amurka harsuna ta sa Japananci a sahu ɗaya da Larabci da Sinanci da Koriyanci, awa 2,200 a aji kafin mutum ya iya aiki da shi. In awa 2 kake ba shi kullum, shekara 3 ke nan, ba fashi. In awa 1 ce, shekara 6. Ka riƙe wannan lissafin a ranka, ka auna duk dalilin da zan ambata da shi.

Maganar katun, kada ka ji kunyarta. Wallahi dalili ne mai kyau, don shi ne ke sa mutum ya zauna yana sauraron harshen awa da awanni ba wanda ya tilasta masa, kuma kunne sai da haka yake buɗewa. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba. Jaruman katun da harshen gatsali suke magana. Za ka ji suna cewa "ore" don "ni", suna cewa "omae" ko "temee" don "kai". Ka faɗa wa malamin jami'a ko mai gidan aiki "omae", daidai yake da ka tarar da dattijo a ƙofar gidansa ka ce "kai, zo nan". Japananci yana da hawa-hawa na ladabi har cikin aikatau. Kalmar "ci" kawai: da abokinka "taberu", da baƙo "tabemasu", in babba ne yake ci ka ce "meshiagaru", in kai ne kake ci kana ƙanƙan da kai ka ce "itadaku". Ko "anata", wadda ƙamus zai ce maka ita ce "kai", ba a cika jefa wa mutum ita ba, sunansa ake kira a ƙara "san". Kuma ba ka sa wa sunanka "san", kamar yadda ba ka gabatar da kanka da "ranka ya daɗe". Don haka ka ci gaba da kallo, amma bakinka ka gina shi da littafi, da siffar ladabi, wadda jimla ke ƙarewa da "desu" ko "masu".

Yanzu maganar aiki, a nan nake so ka natsu. A watan Afrilu na 2019 Japan ta buɗe wata biza ta ma'aikata masu sana'a, suna ce mata Tokutei Gino, a fannoni irin su kula da tsofaffi, gine-gine, noma da sarrafa abinci. Abu biyu ake nema: jarrabawar sana'ar, da jarrabawar harshe, ko dai JLPT (jarrabawar gwajin ƙwarewa a Japananci, mai matakai daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi wuya) matakin N4, ko wata da ake kira JFT-Basic wadda ake yi a kwamfuta a Japan da wasu ƙasashen Asiya. Mai kula da tsofaffi akwai ƙarin jarrabawar harshen aikin. Matakin farko na bizar iyakarsa shekara 5, kuma ba ka tafiya da iyali. Aikin ofis kuwa, kamfanoni N2 suka fi tambaya. Sai ka duba inda ake yin jarrabawar sana'ar da kake so kafin ka ɗora rayuwarka a kai, don cin N4 kaɗai ba ya ba ka biza.

Kun tuna abin da ya faru a watan Agusta na 2025, lokacin TICAD, taron Japan da ƙasashen Afirka, a Yokohama? JICA, hukumar Japan ta tallafa wa ƙasashen waje, ta haɗa garuruwan Japan 4 da ƙasashen Afirka 4 don zumunci, aka haɗa Najeriya da garin Kisarazu. Nan take labari ya bazu wai an ware wa 'yan Najeriya gari da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta fito ta ce babu wannan magana, a watan Satumba JICA ta janye shirin gaba ɗaya. Duk wanda ya zo maka da fom yana cewa ka biya kuɗi a sa sunanka, ka san inda ya dosa.

Hanyar da ta fi tsabta ga wanda ya gama digiri irinka ita ce karatu. Akwai tallafin gwamnatin Japan da ake kira MEXT, ana nema ta ofishin jakadancinsu, ga 'yan Najeriya a Abuja. Yawanci wajen Afrilu zuwa Mayu ake buɗewa, kyauta ne, ba dillali. Ana tace takardu, a yi jarrabawa a rubuce, a yi ganawa. Wanda ya samu, ba kuɗin makaranta, akwai tikitin jirgi, alawus na wata yen 143,000 zuwa 145,000 ga masu bincike da digiri na biyu da na uku, yen 117,000 ga masu digirin farko. Masu bincike su kasance ƙasa da shekara 35. Abin da mutane ba su sani ba, da yawa daga cikin kwasa-kwasan da Turanci ake yi, kuma in an ga kana buƙata ana ba ka wata 6 na koyon harshe a can. Haka shirin ABE na JICA, wanda aka sanar a 2013 don matasan Afirka, shi ma da Turanci ne. Wato in karatu ne dalilinka, tsarin bincikenka da samun malamin da zai karɓe ka sun fi Japanancinka nauyi. Harshen don rayuwa kake buƙatarsa: asibiti, ofishin ƙaramar hukuma, ɗan aikin wucin gadi da aka yarje wa ɗalibi, awa 28 a mako in ya karɓi izini.

Da kuma cefane, wannan kada ka raina shi. Musulmi a shagon Japan sai ya iya karanta bayan kwali. "Buta" alade ne, "butaniku" namansa, "raado" kitsensa, "pooku ekisu" romonsa da ake zubawa cikin miya da taliyar leda. "Mirin" da "sake" giyar shinkafa ce da suke girki da ita, "zerachin" kuma sai ka bincika daga wace dabba aka samo. Kalmomi ƙalilan ne, amma da rubutunsu za ka gan su, ba da boko ba.

'Yan kasuwan zauren nan, ku ma akwai naku. Mai harkar riɗi ya san Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, "goma" suke ce masa, amma cinikin da Turanci ake yi, gaisuwa da ladabi kawai za su ƙara maka daraja. Mai harkar mota ne yake buƙatar karatu. Motar da aka yi don cikin Japan sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma sitiyarin hagu, don haka injin da kayan gyara za ka fi dubawa. Takardar gwanjo tana zuwa da zanen mota da alamomi: A ƙarzuwa, U loɓawa, S tsatsa, XX an canja ɓangaren, lambar da ke biye tana nuna girman aibin. Daraja 4 ko 4.5 mota ce mai kyau, R kuwa ta taɓa haɗari an gyara. Inda ake cutar mutane shi ne bayanin da mai dubawa yake rubutawa da hannu a gefe, irin su "oiru more", wato mai yana yoyo, ko "ion", wato injin yana wata ƙara. Sai shekara: da zamanin sarki suke lissafi. H Heisei ne, ka ƙara 1988, H25 ta zama 2013. R Reiwa ne, ka ƙara 2018, R3 ta zama 2021. Wannan mutumin kalma 200 ta ishe shi, ba ruwansa da jarrabawa.

Yawwa, ga albishir. Bahaushe yana shiga harshen nan da jari wanda Bature ba shi da shi. Wasulansu 5 ne, a, i, u, e, o, kuma suna bambanta dogo da gajere kamar mu: "obasan" gwaggo ce, "obaasan" kaka, "biru" dogon bene, "biiru" giya. Suna nanata baƙi: "kite" ka zo, "kitte" kan sarki, kamar baba da babba. Suna da hawa da saukar murya: "ame" in ka fara sama ruwan sama ne, in ka fara ƙasa alewa ce. Wanda ya san bambancin wuyan riga da wuyar aiki ba zai sha wahala a nan ba. Har "fu" ɗinsu da leɓɓa biyu ake hurawa, irin "f" ɗinmu. Abin da ya fi burgewa, yadda muke cewa mota, motoci, ƙasa, ƙasashe, su ma "t" tana komawa "c", "s" tana komawa "sh" a gaban "i": "matsu" jira, ya zama "machimasu", "hanasu" magana, ya zama "hanashimasu". In ka ga "ch" a rubutunsu na boko, "c" ɗinmu ce. Tarko biyu kawai: "tsu" ɗinsu ba a matse maƙogwaro kamar a tsuntsu, sassauta shi za ka yi, sannan ka raba "p" da "f", don "pan" burodi ne.

Jimla kuma a juye take, aikatau a ƙarshe. "Mizu o nomimasu", ruwa sha, wato ina shan ruwa. 'Yan uwanmu Barebari sun saba da wannan tsari. Ƙananan kalmomin nan, wa, ga, o, ni, de, su ne ke nuna wa ya yi, me aka yi, a ina. Ka canja ɗaya, ma'ana ta tafi.

Inda ake zubewa shi ne rubutu. Iri uku ne. Hiragana harafi 46, katakana 46, kowane harafi gaɓar sauti ce, waɗannan mako 2 zuwa 3 sun isa. Kanji, haruffan da suka aro daga Sinanci, su ne dutsen. Jerin da gwamnati ta tsayar a 2010 don amfanin yau da kullum guda 2,136 ne, yaran firamare kaɗai suna koyon 1,026 cikin shekara 6. Kuma harafi ɗaya yana da karatu fiye da ɗaya. Harafin rana, a kalmar Lahadi, "nichiyoobi", sau biyu ya fito, a farko "nichi", a ƙarshe "bi", shi kaɗai kuma "hi". Shi ya sa haddace harafi tsirara ɓata lokaci ne, cikin kalma ake koyonsa. Ana ƙiyasta N5 da kanji wajen 100, N4 wajen 300, N2 wajen 1,000.

Ita JLPT ɗin, Lahadin farko na Yuli da na Disamba ake yi, wasu ƙasashen sau ɗaya kawai a shekara, ka duba jerin cibiyoyi a shafinsu tun da wuri. Maki 180 ne, N5 ana ci da 80, N4 da 90, amma kowane ɓangare yana da nasa ƙaramin maki. Sauraro in bai kai 19 cikin 60 ba ka faɗi, ko da ka cinye sauran. Nan ne katun ɗinka zai biya ka. Sai dai zaɓen amsa ne kawai ake yi a jarrabawar, ba magana, ba rubutu, shi ya sa za ka ga mai takardar N2 ya kasa haɗa jimla uku a gaban mutum.

Ga yadda za ka yi, tunda kai aiki ko karatu kake hange. Ka ajiye rubutun boko daga mako na uku, wanda ya manne masa ba ya taɓa saurin karatu. Ka ɗauki littafi ɗaya tak. Minna no Nihongo darasi 50 ne, darasi ɗaya a mako, shekara guda ka kusa N4. In kuɗi ne matsala, Irodori na Japan Foundation kyauta ne a intanet har da sauti, kuma don masu zuwa aiki aka yi shi. Ka sa Anki, manhajar bitar kalmomi, a waya, sabbin kalmomi 10 a rana, kada ka wuce, don wanda ya sa 40 bayan wata guda bita za ta taru masa ɗaruruwa ya gudu. Bayan Asuba minti 20 na bita, da yamma minti 40 na darasi, kana maimaita sautin da ƙarfi.

Ka fara da hiragana yau, layi biyu a rana, da biro da takarda, kana bin tsarin jan layin yadda aka nuna. In ka zo katakana ka kula da "shi" da "tsu", da kuma "so" da "n", kamanninsu ɗaya ga sabon ido: "shi" da "n" dogon layin daga ƙasa yake hawa, "tsu" da "so" daga sama yake sauka. Nan da mako biyu ka rubuta sunanka da na garinku da katakana, ka ɗauki hoto ka turo nan a duba maka. Wassalamu alaikum.