Fitilar taya tana kamawa da asuba a Minneapolis: iska ce ko sensa?

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Minneapolis ta Amurka, inda yake aikin kai saƙo da Toyota Camry ta 2014. Wannan ne hunturunsa na farko. Ya ce kullum da asuba wata fitila mai ruwan ɗorawa, mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, tana kamawa a dashbod, in ya yi tafiyar minti 15 sai ta mutu. Jiya kuma ta yi ta ƙyaftawa kafin ta tsaya. Abokin aikinsa ya ce ya share ta, haka sanyi yake yi.

Malam, sannu da sanyi, Allah ya yi wa nema albarka. Abokin aikinka ya faɗi rabin gaskiya: sanyi ne ya kunna fitilar. Amma ba ƙarya take yi ba, iskar tayarka ta yi ƙasa da gaske, kuma abubuwa biyun da ka bayyana matsaloli ne daban.

Iska tana tsukewa in ta yi sanyi. Duk saukar digiri 10 a ma'aunin Farenhait, wato kamar 5 da rabi a Salsiyas, taya tana rasa kusan PSI 1 (PSI shi ne awon ƙarfin iskar taya). A ce ƙa'idar motarka 35 ce, aka sa maka iska a Satumba ana digiri 70 na Farenhait. Da asubar Janairu Minneapolis takan kai sifili, har ta zarce. PSI 7 ke nan ya tafi ba tare da ƙusa ta taɓa ka ba. Ga kuma abin da taya lafiyayya take zubarwa a hankali, kusan PSI 1 a wata. Wata huɗu, ka sauko wajen 24 ko 25. Dokar Amurka, wadda ta tilasta sa na'urar da ke lura da iskar taya a duk sabuwar ƙaramar mota tun Satumban 2007, ta ce fitila ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. A taya mai 35, wajen 26 ke nan. Ka ga lissafin ya fita.

Mutuwar fitilar a hanya ita ce abin da ke yaudarar mutane. Taya tana ɗumama da tafiya, iskar ta ƙaru da PSI 2 zuwa 4, ta haura layin kaɗan, fitila ta mutu. Tayar tana nan da ƙarancin iskarta, tana cin gefe, tana shan mai, kuma in ka faɗa ɗaya daga ramukan da ƙanƙara ke haƙawa a titi, rim zai iya tsinke gefenta. Ga mai cin abinci da mota, asarar yini guda ta fi kuɗin ma'auni nesa.

Ka sayi ma'aunin iska naka na kanka, mai lambobi, da ƙaramin famfo da ake jonawa a ramin cajin mota. Famfon gidan mai yakan daskare a irin wannan sanyi, ma'auninsa ma ba abin dogaro ba ne. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙi akwai takarda da ta nuna iskar gaba da ta baya. Ita za ka bi. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta ɗauka ce. A gida mun saba mai faci ya ɗura 45 ko 50 ya ƙwanƙwasa ya ce ta yi. A kan ƙanƙara taya mai tauri haka ba ta kama ƙasa sosai, burki kuma ya yi tsawo. Ga waɗanda ke Turai, PSI 35 daidai yake da 2.4 a ma'aunin bar.

Ana awo ne da taya mai sanyi: mota ta yi awa uku a tsaye, ko ba ta yi tafiyar da ta kai mil ɗaya ba. Da safe kafin ka fita shi ne daidai. Ka auna duka huɗun ka rubuta. In dole sai ka yi tafiya kafin ka kai famfo, ka auna a gida tukuna, ka ga PSI nawa kowace ta rasa, ka ƙara daidai wannan adadin a can. Kada ka rage iskar taya mai zafi don ka ga ta haura lamba. In kuma a gareji mai ɗumi kake sa iska, ka ƙara PSI 1 ga kowane digiri 10 na Farenhait na bambancin ciki da waje, don tana fita za ta tsuke. Bayan haka ka yi tafiyar minti 10 zuwa 20, fitilar takan mutu da kanta.

Rubutun nan shi zai faɗa maka gaskiya. In duka huɗun sun sauka tare, sanyi ne. In ɗaya ce ta fi saura sauka da PSI 3 ko fiye, tana yoyo. Ka kaɗa ruwan sabulu, a wuri mai ɗumi don kada ya daskare, ka zuba a zanen tayar, da bakin bawul, da inda roba ta haɗu da rim. Inda ya yi kumfa, nan ne. A garuruwan da ake watsa gishiri a titi, bakin rim yakan ci, iska ta riƙa sulalewa ta nan. Masu taya za su cire ta, su goge wurin, su shafa abin liƙi. Hujin ƙusa ana facinsa in yana kan zane kuma bai wuce milimita 6 ba. Na gefe ba ya faci, sai canji. Ruwan toshe huji na gwangwani kuwa ka bar shi sai dole, yana iya toshe ƙaramin ramin sensa.

Sai maganar ƙyaftawa. Fitilar da ta yi ƙyaftawa na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan ka tada mota, sannan ta tsaya a kunne, tana cewa na'urar kanta ta samu matsala: mota ba ta jin ɗaya daga sensoshin. A cikin kowace tayar Camry ɗinka akwai sensa maƙale da bawul, da ɗan batir a rufe ruf wanda ba a canza shi shi kaɗai. Yakan yi shekara 5 zuwa 10, motarka kuwa ta wuce haka. Batir mai rauni ya fi kasawa a safiya mafi sanyi, ya farfaɗo da rana, shi ya sa abin yake zuwa yana tafiya. Ka je shagon taya su ɗora na'urarsu a gefen kowace taya. Cikin minti kaɗan za ta nuna wanda ba ya amsawa. Shawarata, in ɗaya ya mutu kuma duk na asali ne, ka canza huɗun a lokacin da za ka sa sababbin tayoyi, don kuɗin kwancewa da ɗaurawa kada ya maimaitu. Ka tabbata sun yi wa sabon sensa rajista da kwamfutar motar kafin ka biya, in ba haka ba fitilar za ta dawo. Murfin bawul kuma ka sa na roba. Na ƙarfe yakan manne da gishiri, a wajen kwancewa bawul ya karye, sensa ya tafi tare da shi. Kuma matuƙar tana ƙyaftawa, ba za ka iya dogaro da ita ta gaya maka taya ta sace ba, don haka awo da hannu duk mako ya zama dole.

Ga sauran 'yan'uwa masu karatu: wanda ya sa tayoyin hunturu a kan wasu rim marasa sensa, kamar yadda ake yi a Kwibek ta Kanada inda tayar hunturu take wajibi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, zai ga wannan ƙyaftawar har bazara. Wasu motocin Honda da Volkswagen ba su da sensa a taya sam, saurin juyawar ƙafafu suke aunawa. Su sai an daidaita iska sannan a sake saita na'urar daga dashbod. Kada a saita ta taya tana ƙasa, don za ta ɗauki ƙarancin a matsayin daidai. Wanda ke Ingila ya sani cewa motar da aka fara amfani da ita daga 1 ga Janairun 2012 ba ta cin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in wannan na'ura ta lalace. Mai sayen sensa ta intanet kuma ya duba lambar zangon da yake aika saƙo a kai: yawancin motocin Amurka 315 MHz suke amfani da shi, na Turai 433, kuma wannan ya shafi mai aika kayan gyara gida don motar da aka shigo da ita ta Kwatano ko Legas.

Gobe da asuba, Malam, kafin ka tada mota, ka auna huɗun, ka ɗaga shimfiɗar but ka auna safaya ma. In 'yar siririyar nan ce, 60 take buƙata.