Amsa ga 'yar'uwar da ke son fara rainon yara a gidanta a Ingila

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Kin ce maƙwabta biyu suna son su riƙa ajiye miki yaransu in za su tafi aiki suna biyanki, kina tambaya ko dole sai da lasisi tunda a ɗakinki ne kuma duk kun san juna. Gaskiya dole ne. A Ingila indai yaro bai kai shekara 8 ba, kina riƙe shi a gidanki fiye da awa 2 a rana kuma ana ba ki lada, to sai kin yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren rainon yara, ko da ɗaya daga cikin ejansin masu raino. In jikanki ne ko ɗan ƙanwarki wannan daban, amma ɗan maƙwabciya ko da kuwa gari ɗaya kuka fito ba ya cikin dangi a wajensu. In kuma Sukotilan kike ko Wels to hukumarsu daban ce, ni ta Ingila nake faɗa miki don a nan nake wannan sana'ar.

Kafin komai duba bizarki, mai bizar ɗalibta ba a yarda ta yi sana'ar kanta ba, raino kuwa sana'ar kai ce, harajinki ma ke za ki riƙa cikewa da HMRC, hukumar haraji. Sannan in gidan haya ne ki nemi izinin mai shi a rubuce.

Abin da mutanenmu ba sa ganewa shi ne ba ke kaɗai ake tantancewa ba, gidan ne gaba ɗaya. Duk wanda ya kai shekara 16 yana kwana a gidan sai an yi masa binciken DBS, wato a duba ko yana da tarihin aikata laifi, maigida, ɗanki babba, ƙanin miji da ya zo karatu yana kwana a falo, kowa. Kuma kin san halinmu da baƙi, yau wannan ta sauka gobe wancan ya ce zai ɗan zauna kafin ya sami ɗaki, to in zaman ya zama zama sai kin sanar da Ofsted cikin kwana 14, kuma ba za ki bar yaran mutane da baƙon ba ko da na leƙa kicin ne. Wannan sai kun zauna da maigida kun yi magana tun yanzu, don na ga wadda ta gama komai nata tsaf amma mijin ya ce shi ba mai binciken sa, magana ta mutu a nan. In kuma kin zauna a wata ƙasa cikin shekara 5 da suka wuce za su nemi takardar shaidar halin kirki daga can, 'yan Najeriya ta 'yan sanda ce, ki fara nemanta da wuri don ita ce ke ja.

Sauran kuwa bin layi ne, kwas ɗin taimakon gaggawa na yara na awa 12 wanda ake sabuntawa duk shekara 3, kwas ɗin kare yara daga cutarwa, fom ɗin lafiya da likitanki zai cike (zai caje ki), inshora, sai kuɗin rajista fam 35 a shekara.

Insifeta za ta zo gida kafin a ba ki satifiket. Kar ki kashe kuɗi kan tulin kayan wasa, ba su ne gabanta ba. Wadda ta zo min ta durƙusa ta buɗe kabad ɗin ƙasan sinki don ta ga ina bilic yake, ta girgiza ƙofar matakala, ta tambayi kaskon turaren wuta da ta gani a kan kantar ɗaki, ta duba igiyar labule. Daga nan ta zauna tana jero tambayoyi, in yaro ya zo da tabo a cinya wa za ki kira, in zargin a kan mijinki ne fa ya za ki yi. Amsar nan suke so ki sani a ka ba sai kin buɗe fayil ba. Dukan yaro kuwa babu shi sam, ko uwar ta ce ta yarje miki.

Adadi ma akwai iyaka, yara 6 'yan ƙasa da shekara 8, a ciki 3 ne kawai ƙanana da ba su shiga makaranta ba, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya guda ɗaya, kuma naki na cikinki suna cikin lissafin, don haka in kina da goyo ki yi lissafin kuɗin da kyau.

Bayan kin fara za su dawo dubawa, yawanci sukan buga waya kwanaki kaɗan kafin nan, amma in wani ya kai ƙara sai dai ki ji ƙwanƙwasa. Ki riƙe rajistar zuwa da tafiyar yara, littafin rauni da na magani da sa hannun iyaye, ki kuma tambayi kowace uwa abin da ɗanta ba ya ci kafin ki dama kunun gyaɗa. Su iyayen ma ki faɗa musu sai kina da rajista za su iya biyanki da tallafin raino na gwamnati, wannan kaɗai zai sa su yi haƙurin wata ukun da takardun ke iya ɗauka.