Kwandalar Mongoliya mai lamba 35: ta yaushe ce, kuma azurfa ce?

Tambaya: Malam, a cikin tsoffin kuɗaɗen da mahaifina ya dawo da su daga karatu a Tarayyar Sobiyet na tsinci wata farar kwandala. Gefe ɗaya mutum ne kan doki yana riƙe da doguwar sanda, ɗaya gefen an buga 15. Akwai kuma lamba 35 da rubutu irin na Rasha. Wani ya ce mini ta Mongoliya ce ta 1935, kuma azurfa ce. Haka ne?

Amsa: Wanda ya faɗa maka ya canki ƙasar, amma ya kuskure shekarar da ƙarfen. Kwandalarka mongo 15 ce (mongo shi ne ƙaramin kuɗin Mongoliya) ta 1945, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. A wancan zamanin Mongoliya tana ƙirga shekaru ne daga 1911, lokacin da ta ɓalle daga daular Manchu ta Sin, kuma 1911 ita ce shekara ta ɗaya. Sai ka ƙara 1910 a kan lambar da ka gani: 15 ita ce 1925, 27 ita ce 1937, 35 kuwa 1945.

Batun azurfa, ka yi haƙuri. Na 1925 su ne masu azurfa. Daga 1937 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel a kan mongo 10 da 15 da 20, shi ya sa take fari tana ruɗin ido. Abin dariyar shi ne kalmar "mongo" ma'anarta azurfa a harshensu. Sunan ya zauna, azurfar ta tafi.

Rubutun da ka ɗauka na Rasha, harshen Mongol ne da haruffan Rasha. Kuɗaɗen da suka gabata da tsohon rubutunsu aka buga su, wanda ake jerawa daga sama zuwa ƙasa. A 1941 gwamnatin Choibalsan, jagoran ƙasar na lokacin, ta yanke shawarar sauya haruffa, kuma na 1945 su ne kwandalolin farko da suka fito da sabon rubutun. Mahayin dokin tambarin ƙasa ne na lokacin: makiyayi da sandar zarge doki, ya nufi fitowar rana.

Yanzu ka tambayi kanka, wa ke buga kwandalar 15? Sobiyet ce mai kopek 15 (kopek shi ne ƙaramin kuɗinta), Mongoliya ta kwafa, kuma a can Sobiyet ɗin aka buga mata su. Daga nan za ka gane tsarin gaba ɗaya. An kafa bankin ƙasar a 1924 da haɗin gwiwar Sobiyet, aka fito da kuɗin ƙasa mai suna tugrik ranar 9 ga Disamba 1925, mongo 100 a tugrik ɗaya, darajarsa daidai da rubul ɗaya na Sobiyet. Kafin nan kasuwa cakuɗe take: azurfar Sin, kuɗin Rasha, har da curin ganyen shayi ana ciniki da shi. A 1928 tugrik ya zama shi kaɗai doka ta yarda da shi. Bankin bai koma hannun Mongoliya kacokan ba sai 1954.

A irin wannan tsari na gurguzu, kuɗi ba ya da bakin magana. Hukuma ke yanka farashi, ita ke yanka canji, banki ɗaya ke riƙe da asusun kowace ma'aikata, kuma tugrik ba ya canzuwa a kasuwar waje. Ciniki da Sobiyet yawanci lissafi ne a takarda, dabbobi da ulu su tafi, injuna da mai su zo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma abin da Mongoliya ta bai wa Sobiyet na a zo a gani dawakai ne, wajen rabin miliyan, da nama da tufafin sanyi. Ita kanta ta shelanta yaƙi a kan Japan ranar 10 ga Agusta 1945, sannan a 20 ga Oktoba aka yi ƙuri'ar raba gardama kan 'yancinta.

Bayan juyin 1990 da ya kawo ƙarshen mulkin gurguzu aka saki farashi, hauhawa ta cinye mongo, yau ba a sayen komai da shi a Ulan Bato, babban birnin ƙasar. Wajen masu tara tsoffin kuɗi ma kwandalarka ba mai tsada ba ce, lafiyar jikinta ke yanke kuɗinta. Don haka kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, gogewa tana karya mata daraja. Nemi 'yar takarda ka naɗe ta, ka rubuta 1945 a kai.